Ɗalibi ya ɗauki matsaya a maƙalarsa ko ya tsaya a tsakiya?

Malam Kabiru: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga malamai da ɗaliban da ke nan, musamman 'yan tarihi da adabi da kimiyyar siyasa. Me ya sa yawancin maƙalolin ɗalibai ba sa cewa komai? Bayani kam akwai shi, har ya yi yawa. Ka ba yaro jinga, ka ce wace ƙasa ce ta fi ɗaukar alhakin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai ya buɗe da ma'anar yaƙi, ya jero dalilan da ya haddace, wato ƙawancen soja da tseren makamai da kishin ƙasa da rububin mallakar ƙasashe, ya ba kowanne sakin layi guda, ya ambaci kisan Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya-Hangari, a Sarajevo ranar 28 ga Yuni, 1914, ya rufe da cewa kowa na da nasa laifin, Allah Ya kiyaye gaba. An ce wace ƙasa, har ya ajiye biro bai kama sunan ƙasa ba. Ni irin wannan ba ta wuce rabin maki a wurina, ko da babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Wasu abokan aikina na cewa na tsananta. Me kuka gani?

Ummi: Wa'alaikumus salam Malam. A yi min afuwa, ni ɗaliba ce, bari na faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. Tsoro ne. Idan na ce Jamus ce, alhali malamina a ransa Rasha ce, na shiga uku. Idan kuwa na jero duka na ce kowa da laifinsa, ba zan ci da yawa ba, amma ba zan faɗi ba. Wanda ke neman ya tsallake kwas ba ya caca da makinsa.

Nura: Gaskiya ɗaya ce. Abin da malam ya ba ka a lakca, mayar masa da abinsa, har da waƙafi. Shi ke nan kowa ya huta.

Malama Hajara: Malam Kabiru, ni ina cikin masu cewa ka tsananta, amma ba don dalilin Ummi ba. Ɗan aji ɗaya da bai karanta littafi guda ya kai ƙarshe kan batun ba, da me zai ɗauki matsaya? Ra'ayi kafin karatu shi ne abin da ya cika mana intanet. Bari na ba ka misalin da nake gani duk shekara. Ka ba su tambaya kan Taron Barlin, masu zafin ra'ayin cikinsu su ne za su rubuta maka cewa Turawa sun shimfiɗa taswira a kan tebur, suka ɗauki rula suka zana iyakokin ƙasashen Afirka a zama ɗaya. Rubutu mai daɗin karatu, da fushi da komai. Sai dai ba haka aka yi ba. An zauna daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, ƙasashe 14, babu wakilin Afirka ko ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma takardar da suka sa wa hannu magana take kan 'yancin ciniki a yankin Kwango, da zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da na Neja, da sharaɗin cewa duk ƙasar da ta yi iƙirarin wani yanki a gaɓar teku ta sanar da sauran kuma ta nuna tana da iko a wurin. Iyakokin daga baya aka yi ta yanka su, yarjejeniya bayan yarjejeniya, tsakanin ƙasa biyu biyu, kamar wadda Birtaniya da Jamus suka yi a 1890 kan Zanzibar da gabashin Afirka. To yaron da ya jero min abin da ya faru daidai ba tare da ra'ayi ba, da wanda ya gina ra'ayi mai zafi a kan labarin rula, wa zan fi ba maki?

Malam Kabiru: Malama, ai misalinki ni yake goya wa baya. Mai labarin rula ya faɗi abin da za a iya kama shi a kai. Kin ja layi da jan biro, kin rubuta "duba takardar taron", ya je ya duba, ya dawo da magana mafi ƙarfi: taron bai zana iyaka ba, amma ya kafa ƙa'idar da ta mayar da mamaya tsere, don kowa ya ga in bai riga kafa tuta ba wani zai riga shi. Wannan yaron ya koyi tarihi. Wancan mai jeren fa, me za ki gyara masa? Babu inda za ki sa biro. Haka zai gama digiri yana jere.

Malama Hajara: Ka ce "ya je ya duba". Nawa ne ke zuwa su duba? Yawancinsu makin kawai suke kallo su naɗe takarda.

Dakta Aminu: Ina ganin akwai abin da ake cakuɗawa. Da aka ce ɗalibi ya ɗauki matsaya, Ummi ta ji kamar an ce ta canki abin da ke ran malami, Malama Hajara kuma ta ji kamar an ce yara su zo su zazzage fushi. Abin da ake nema jimla ce guda wadda mai hankali zai iya musantawa, sannan a kare ta da abin da ya faru.

Mu ɗauki tambayar Malam Kabiru. Ɗalibi na ɗaya ya ce Jamus ce. Hujjarsa: a farkon Yuli 1914, ranakun 5 da 6, Barlin ta ba Ostiriya-Hangari tabbacin goyon baya ba tare da sharaɗi ba, kuma da wannan ƙarfin gwiwa Ostiriya ta miƙa wa Sabiya wa'adi mai tsauri ranar 23 ga Yuli, ta kuma shelanta yaƙi ranar 28. Jamus ce ta shelanta yaƙi a kan Rasha ranar 1 ga Agusta, a kan Faransa ranar 3, ta kutsa Beljiyam ranar 4, wanda shi ya jawo Birtaniya ciki. Wannan ɗalibin ba shi kaɗai ba ne, masanin tarihi Fritz Fischer, Bajamushe ne ma, ya ɗora wa ƙasarsa babban kaso na alhakin a 1961, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Jamus shekara da shekaru.

Ɗalibi na biyu ya ce a'a, rikicin zai iya tsayawa tsakanin Ostiriya da Sabiya, Rasha ce ta faɗaɗa shi da ta ba da umarnin haɗa rundunarta gaba ɗaya ranar 30 ga Yuli, kafin Jamus ta yi nata. Shi ma yana da abin riƙewa.

Har na ukun da ke son ya ce kowa na da laifi, yana da hanya. Masanin tarihi Christopher Clark ya kare wani abu mai kama da haka a 2012. Amma fa sai ya nuna min me Ostiriya ta yi, me Faransa ta yi, me Birtaniya ta ƙi faɗa a kan lokaci, sannan ya gaya min dalilin da ya sa hujjar ɗalibi na ɗaya ba ta isa ba. In ya yi haka, "kowa na da laifi" ta zama matsaya. In kuwa ya faɗe ta ne don ya gudu daga tambaya, Malam Kabiru ya yi masa adalci da rabin maki.

Duk ukun nan zan iya ba su maki mafi girma a rana ɗaya.

Nura: Dakta, kai ne za ka iya. Akwai malamin da in ka saɓa wa littafin da ya rubuta, sai dai ku haɗu baɗi.

Dakta Aminu: Akwai su, ban musa ba. Wannan laifin malami ne, kuma maganinsa sananne ne: a duba takarda da lamba ba da suna ba, a fitar da ma'aunin ba da maki tun kafin a ba da jinga, wani malamin kuma ya sake duba wasu daga cikin takardun. Inda ake yin haka ɗalibi na da inda zai kai ƙara.

Zainab: Ku 'yan tarihi ma da sauƙi. Ku zo adabi ku ga abin mamaki. A ce ɗalibi ya yi nazarin jigon littafi, sai ya ba ka labarin tun daga shafin farko: an haifi wane, ya girma, ya yi aure, ya mutu. Shafi biyar. A layin ƙarshe ya ce marubucin ya yi ƙoƙari ƙwarai, salonsa mai armashi ne, kuma littafin na koyar da haƙuri. Malamin nan fa ya karanta littafin, shi ya sa shi a manhaja. Ba labari ya tambaye ka ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne rashin bambance bakin tauraro da bakin marubuci. Mugu a cikin labari ya faɗi mugunyar magana, ɗalibi ya rubuta "marubucin yana ganin cewa". Nakan ba su misalin Achebe da Conrad don su ga yadda ake yin wannan gardamar da ilimi. A 1975 Chinua Achebe ya gabatar da lakca a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya ce Joseph Conrad mai wariyar launin fata ne, kuma littafinsa *Heart of Darkness* da ya fito a 1899 ya mayar da 'yan Afirka kayan adon labarin Bature. Masu kare Conrad suka ce ai Marlow, tauraron littafin, shi ke ba da labarin, ba Conrad ba, kuma littafin tona asirin ta'asar Kwango yake yi. Achebe ya riga ya hango wannan amsar. Cewa ya yi in da Conrad na son nesanta kansa da Marlow, da ya ba mai karatu wata mahangar da zai auna maganar Marlow da ita, kuma bai bayar ba. Kun ga abin da ya yi? Ya ɗauko hujjar abokan hamayya da kansa, ya amsa ta daga cikin matanin. Ɗalibi na iya bin Achebe, yana iya saɓa masa, amma dole ya buɗe littafin ya nuna min a ina 'yan Afirka suka yi magana, me suka ce, wa ke siffanta su, da waɗanne kalmomi. Sakin layi biyu na irin wannan sun fi min shafi biyar na ba da labari.

Malama Hajara: Zainab, ƙanwata, abin da kika bayyana ai karatu ne. Komawa matani, nemo wuri, kawo shaida. Maganata ke nan tun farko. Achebe bai yi wannan lakcar yana aji ɗaya ba.

Zainab: Haka ne Yaya, amma wanda ba shi da abin da yake son karewa ba ya komawa matani. Me zai je nema?

Baba Garba: Sannunku da muhawara. Na daɗe da ajiye alli, amma bari tsoho ya sa baki. Abin da kuke ja a kai, Ibn Khaldun ya taɓo shi a littafinsa Muƙaddima tun 1377. Ya zargi marubuta tarihi da kwafo labari daga na gaba da su ba tare da sun auna shi da hankali ba. Ya kawo misalin marubucin tarihi Mas'udi da wasunsa da suka ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Bai ce ƙarya ne kawai ya wuce ba. Ya ce daular Farisa da ta fi su girma nesa ba kusa ba, rundunar da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ce. Ya ce runduna mai wancan yawan in ta yi sahu, wannan gefe ba zai san abin da wancan ke ciki ba. Ya kuma ƙirga kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, ya ce zuriya ba ta yaɗuwa haka a 'yan tsatso kaɗan.

Shi ya karanta, don haka Hajara na da gaskiya. Bai kuma miƙa wuya ga abin da ya karanta ba, don haka Kabiru na da gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne, tambayar da ya yi ba ta buƙatar digiri. "Shin wannan adadin zai yiwu?" Ɗan sakandare na iya yin ta in an saba masa.

Malam Kabiru: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Maganar adadi ta tuna min wata cutar. "Bincike ya nuna kashi saba'in cikin ɗari." Wane bincike? Wa ya yi shi, a ina, mutum nawa aka tambaya? Shiru. A maƙalolin da suka shafi zamantakewa abin ya fi muni, kowa da kason da ya ƙirƙira.

Sadiya: Tunda an zo kan zamantakewa, ina da ƙorafi. An taɓa raba mu gida biyu kan hukuncin kisa, aka sa ni a ɓangaren da ban yarda da shi ba, aka ce na rubuta ina kare shi. Wannan ba koya wa mutum munafunci ba ne? Tarihi daban, Jamus ko Rasha ba ruwana. Amma abin da ya taɓa aƙidata fa?

Barista Hauwa: Sadiya, ba a ce ki sauya abin da kika yi imani da shi ba. Kowa ya san an raba ku ne, ba shaida kike bayarwa ba. Amfanin abin shi ne, ranar da za ki rubuta naki ɓangaren, kin san inda za a ɓullo miki. Ni a wurin aiki, kafin na rubuta hujjata sai na zauna na rubuta ta ɗaya lauyan, iya ƙarfina. Ma'aunin da nake ba ƙannena shi ne: in kin bayyana ra'ayin da kike adawa da shi, mai wannan ra'ayin ya karanta ya ce e, haka nake nufi. In ya ce ba haka na ce ba, to ba shi kika kayar ba. Yawancin maƙalolin ɗalibai kan irin waɗannan batutuwa, abokin hamayyar da ke ciki wawa ne ko mugu, don marubucin ne ya ƙera shi haka don ya ji daɗin kayar da shi.

Sai dai na yarda malami ya yi hattara wajen zaɓen batu. Akwai abin da tilasta wa yaro ya kare shi ba ya ƙara masa komai sai ƙiyayyar darasin.

Sadiya: To Anti, na ji, amma da an bar ni na zaɓa.

Nura: Duk wannan wahalar ma ta kusa ƙarewa. Tun da ChatGPT, manhajar nan mai yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen 2022, minti biyu maƙala ta haɗu, da gabatarwa da kammalawa.

Zainab: Kuma irin wadda Malam Kabiru ke kuka da ita yake fitarwa in ba ka matsa masa ba: ga wannan ɓangare, ga wancan, kowa na da abin dubawa. Wani lokacin har da sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Ni yanzu nakan kira ɗalibi na ce ya karanta min sakin layi na uku, ya gaya min me ya sa ya zo bayan na biyu. Nan take ake ganewa.

Ummi: Malamai, tunda kuna nan, ku taimaka min da wadda ke gabana. Tambayar: "Tsarin shugaban ƙasa ko tsarin firaminista, wanne ya fi dacewa da ƙasa mai ƙabilu da addinai da yawa?" Da na yi niyyar kawo amfanin kowanne da illarsa. Yanzu na rubuta haka: "Tsarin firaminista ya fi, domin yana tilasta wa jam'iyyu yin haɗaka, ba ya barin mutum ɗaya ya kwashe komai." Ya yi?

Dakta Aminu: Ya yi, an samu abin ja. Kuma kina da babban mai goya miki baya, masanin kimiyyar siyasa Juan Linz ya yi irin wannan hujjar a 1990: wa'adin shugaba a ƙayyade yake ko da ƙasa ta gaji da shi, wanda ya ci ya ci duka, kuma shugaba da majalisa kowanne na iya cewa shi jama'a suka zaɓa. Yanzu ga abin da mai duba takardarki zai jefo miki. Najeriya ta gwada duka biyun. Jamhuriya ta farko tsarin firaminista ce, da gwamnatin haɗaka ma, sojoji suka kifar da ita a Janairu 1966. Ta biyu tsarin shugaban ƙasa ce daga 1979, aka kifar da ita ranar ƙarshe ta 1983. Indiya kuma, wadda za ki so kafa hujja da ita, a ƙarƙashin tsarin firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci daga 1975 zuwa 1977, aka ɗaure 'yan adawa. Me za ki ce?

Ummi: Kai. To ko na koma na ce duk ɗaya ne?

Malam Kabiru: A'a, kada ki gudu. Rage faɗin maganar. Haɗakar da kike yabo, daga tsarin firaminista take zuwa, ko daga yadda ake ƙirga ƙuri'a? Birtaniya firaminista gare ta, amma sau da yawa jam'iyya ɗaya ke mulki ita kaɗai, don a kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a shi ke ɗauke kujerar. Beljiyam da Holan kuwa, inda ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'un jam'iyya, kusan kullum haɗaka ce.

Ummi: Ke nan na ce: tsarin firaminista ya fi dacewa, amma sai in an haɗa shi da rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, kuma faɗuwar jamhuriya ta farko ba ta rushe wannan ba tunda ita ba haka take zaɓe ba. Indiya ma irin zaɓen Birtaniya take yi, ko?

Dakta Aminu: Haka take yi. Kin ga yanzu misalan da na jefo miki sun koma aiki a gonarki. Saura ki amsa wanda zai ce miki Beljiyam ta taɓa shafe fiye da kwana 500 ba a kafa gwamnati ba bayan zaɓen 2010, saboda wannan haɗakar da kike so.

Malama Hajara: Kafin ta amsa Beljiyam, Ummi, kin taɓa karanta Linz ɗin da kanki, ko yanzu kika ji sunansa a bakin Dakta? Kada na ga kin sa shi a manazarta alhali ba ki buɗe shi ba. Maƙala ce gajeriya, nemo ta ki karanta. Sannan ki binciko yadda aka yi zaɓen Najeriya na 1959 da na 1964, kujeru nawa kowace jam'iyya ta samu kuma daga wane yanki, don a nan hujjarki za ta tsaya ko ta faɗi. Yaushe ne ranar miƙawa?

Ummi: Litinin mai zuwa, Malama.

Malama Hajara: To ki ajiye waya ki tafi laburare. In kin gama daftarin farko turo min, zan duba miki shekarun da alƙaluman. Gardamar kuma ki kai wa Malam Kabiru.